Kafin Gahawa Ta Gama Tacewa

Tana niƙa 'ya'yan gahawa a ɗan injin hannu sai saurayinta injiniya ya faɗa mata. Ya karɓi aiki a ƙasar waje, tuni ya sa hannu, har ya shaida wa yayanta cewa da an ɗaura aure tare za su tafi.

Hannunta bai tsaya ba, sai ma ƙarfi da ya ƙara, har garin ya fi yadda take so laushi. Ta juye shi a matacin takarda, ta ɗauki buta tana tsiyaya ruwan zafi a hankali. Garin ya kumbura, ƙamshi ya cika kicin.

"Yaya ya sani," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wurin aikinku sun sani. Ni ce ta ƙarshe ke nan?"

"Haba, ranki ya daɗe, na ɗauka murna za ki yi. Ke ungozoma ce, asibiti kuwa ko'ina akwai."

Sai a lokacin ta dube shi. Ɗakin haihuwar da ta sha wahala kafin a damƙa mata shugabancinsa, shi ne ya zama "ko'ina".

"Tambayata kake yi, ko sanar da ni?"

Ya mayar da idonsa kan ɗigon da ke sauka cikin kofi.

Ta kashe murhu, ta buɗe masa ƙofa.

"Tunda Yaya ka fara faɗa wa, sai ka ɗauke shi ku tafi."