Idon Nesa

Tun da aka kafa dokar cewa likita ba zai sa wa matuƙin jirgin sama hannu ba sai an dasa masa idon nesa, Kyaftin Mudassir yake iya karanta lambar jirgi a cikin gajimare. Na kusa kuwa, sai dishi-dishi.

Da ya dawo Kano, ya tarar matarsa Saratu ta sauka. Aka ɗora masa jaririyar a cinya. Ya ji ɗuminta, amma fuskar kamar hayaƙi.

"Kyaftin, kai ta ɗebo ko ni?" in ji Saratu.

Ya sake duban fuskar. Can ya juya wajen ƙanwar mahaifinsa. "Gwaggo Dije, don Allah ki kai ta bakin layi, ki juyo min da ita."

"Ɗanyen goyo a wannan rana, Mudassir?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo."

Tsohuwa ta lulluɓe ta, ta yi ta tafiya har ta wuce masallaci, sannan ta ɗaga ta sama. Daga ƙofar gida ya ga komai tar: hancin marigayiya mahaifiyarsa, da ɗan bakin da ta wangale tana kuka.

Kukan dai bai iso kunnensa ba.