Ƙafar Mumbari

Takardar tana aljihun Kafinta tun safe, an ninke ta biyu, dattawan coci bakwai sun sa hannu. Shi ya rubuta ta da kansa, shi kuma ya bi su gida-gida. Abin da ta ƙunsa bai da yawa: a kori Direba daga ikkilisiya.

Direba ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, kuma duk cocin babu mai hannunsa. Matsalarsa kwalba. Ranar Asabar ya zo ɗaurin aure a buge, ya faɗi da gangar a gaban amarya, ya tashi yana ba gangar haƙuri. Karo na uku ke nan. Jama'a sun yi dariya har da hawaye, amma Kafinta ko murmushi bai yi ba. Mutum ne da ko warin giya ya ji sai ya sake hanya.

Da zai fito, matarsa ta bi aljihun da kallo.

"Baban yara, wai da gaske kai za ka kai ta?"

"Gidan Allah ba mashaya ba ne."

"Haka ne," ta ce, tana goge kofi. "Ni dai na san wanda na aura."

Bai tsaya tambayar me take nufi ba. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

A coci ya tarar da Baba Fasto yana jera littattafan waƙa a kan bencina. Tsohon ya tsufa ƙwarai, amma idonsa ras. Kafinta ya gaishe shi, ya kai hannu aljihu.

"Dakata, ɗana. Kafin takarda, duba mini ƙafar mumbarin nan."

Kafinta ya yi mamaki. Ƙafa ɗaya ta mumbarin gajeriya ce, an tokare ta da wata tsohuwar takarda tun yana saurayi. Ya fi sau goma yana roƙon a bar shi ya gyara, don abin kunya ne a ce da kafinta a cikin dattawa amma mumbari yana tsaye a kan takarda. Kullum amsar Baba Fasto ɗaya ce: "Bar shi, abin da ke ƙasa yana aikinsa." Yau ga shi da bakinsa.

Ya durƙusa da murna, ya ɗaga katakon da kafaɗa, ya zaro takardar. Ta yi ja, ta daskare kamar fata. Zai jefar, sai ya hango rubutu. Kafinta kuwa ba ya wuce rubutu.

Ya warware ta a hankali. "Mu dattawan ikkilisiya muna roƙo a kori wannan saurayi. Mashayi ne, mafaɗaci, ya zubar da mutuncin coci a gidan biki. Mun yi haƙuri har sau uku."

Kafinta ya gyaɗa kai. Ashe dattawan wancan zamanin ma sun san aikinsu! Kusan kalma da kalma irin tasa, har hannu bakwai. Ya gyara tabarau, zuciyarsa tana ɗokin sanin ko wane ne wannan tantiri, ko yana raye, ko ma ya san shi. Ya juya bayan takardar, inda aka rubuta sunan.

Ya daɗe a durƙushe. Kunya ta rufe shi, sannan wata dariya ta taso masa wadda ta zo da ƙwalla.

"Ɗana, ina takardar da ka kawo mini?" in ji Baba Fasto daga bayansa.

Kafinta ya fiddo ta, ya ninke huɗu, ya haɗa da tsohuwar, ya cusa su duka biyun a ƙarƙashin ƙafar. Ya girgiza mumbarin, ko motsi bai yi ba.

"Ta samu wurin zama, Baba. Bari in je in duba Direba, an ce gangarsa ta tsage."

Tsohon ya yi murmushi ya koma kan littattafansa. Shekara talatin da biyu ke nan yana wa'azin alherin Allah a tsaye a kan takardar korar Kafinta.