Kuɗin Kwana

Tun da aka fara taron bita a Dutse, kuɗin gidajen haya na kwana-kwana ya haukace. Gidan da Baffa ke biya wa dubu ashirin a kwana, yau Mailafiya dillali ya ce talatin da biyar ne, ko kunya bai ji ba.

"Haba Alhaji, makon jiya fa ka ƙara."

"Malam Baffa, ba ni na tara baƙi a garin ba. Ga 'yan Abuja can a mota da jakunkunansu. Ko kuɗi, ko matar nan ta fita kafin la'asar."

Baffa ya zauna a bakin baranda. Wallahi ya gaji. Duk mako sai ya taso daga Aujara da kuɗin abin da ya sayar. Tumaki sun ƙare, bijimai biyu sun bi bayansu. Saura saniya guda, wadda 'ya'yansa ke shan nononta.

'Yan Abujan na leƙensa ta gilashi suna murmushi. Ya san abin da suke gani: makiyayi mai furfura da takalmin roba, ya ajiye mace a gida mai na'urar sanyi.

Da ma a ce jin daɗin take yi! Mahbuba ba ta taɓa kunna na'urar ba. Sababbin kujerun nan ko zama ba ta yi a kai, tabarmarta na ƙuryar ɗaki. Ya nemo mata wani ɗakin a bayan tasha, kuɗin watansa bai kai na kwana biyu a nan ba. Ta yi kuka, ta ce ba inda za ta.

Ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama.

"Mahbuba, sun sake ƙarawa."

Ta amsa daga ciki.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Kaɗan ya rage."

Baffa ya ciro waya ya kira gida, ya ce a kai saniyar kasuwa.

To ya zai yi? A gidan nan mijin ƙanwarsa ya shekara tara yana biyan hayar shekara, a nan ya rasu ana gab da mai da gidan na kwana-kwana, kuma ƙanwar tasa, Mahbuba, ba ta gama takaba ba.