Kwamfuta ta Biyar

Kwamfutoci huɗu ne a ofishin ƙungiyar manoma da ke Faskari, amma allon Salihu ya nuna biyar sun shiga rumbun bayanai.

Wata biyu ke nan da ɗauko shi daga Funtuwa don ya kula da babbar kwamfutar da ke riƙe da sunaye da hotunan manoma dubu uku. Shekarar kuɗin man fetur ya yi wa gwamnati auki, takin tallafi na tafe, kuma wanda aka goge daga rajista ko buhu ɗaya ba zai gani ba.

Ta biyar ɗin kan shigo ƙarfe biyu, ta yi minti goma, ta fita. Ba ta gogewa, ba ta ƙarawa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne sunan da take shiga da shi: Asibi, ma'aikaciyar da ta rasu bara wajen haihuwa.

"Ɓarayin taki ne," in ji Alhaji Audi, shugaban ƙungiyar. "Ka kamo mani su kafin Alhamis, ko ka koma inda ka hito."

Salihu ya kira reshen Ƙanƙara, ya kira na Sabuwa, kowa ya rantse ba shi ba ne. Cikin gida kuwa babu wanda zai zarga, don ƙarfe biyu duk suna masallaci sallar Azahar. Baba Tanimu maigadi kaɗai ake bari, shi ko Bamaguje ne da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Rufe sunan Asibi aikin minti ɗaya ne, to amma in ya rufe, wa zai kama?

Ran Laraba ya fita da masallata, ya zame, ya dawo ta baya riƙe da takalmansa. Allo ya nuna biyar. Ya duƙa bayan tebur yana ƙirga wayoyi, sai ga wata ta bi gindin bango ta shige sito. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ajiye takalman, ya ɗauki ƙotar fartanya.

Ƙofar siton a buɗe take kaɗan. Tsakanin buhunan iri, tsohuwar kwamfutar Asibi ce a kunne, wadda da an danna maɓalli take shiga da kanta ta buɗe shafin mai ita, da hotonta a kai.

Baba Tanimu na zaune a ƙasa gaban hoton, yana cewa a hankali, "Asibi, ɗiyata, yaron naki ya fara tahiya yau."