Arba'in da Ɗaya

Tun da aka kafa dokar, babu mai ƙuna da ke shiga asibiti sai ya bi ta ƙarƙashin fitilar awo da ke bakin ƙofa. Ita ke faɗin kashi nawa cikin ɗari na jiki wuta ta ci. Wanda ya haura arba'in ba ya samun gado. Rumfar baya ake kai shi, inda babu likita sai allurar kashe zafi.

Da hantsi Ladidi ta kawo ƙanwarta Kubura, wadda tukunyar gas ta fashe da ita tana tuyar awara. Hasken ya bi jikinta, allo ya nuna arba'in da ɗaya.

"Sista, ki dubi girman Allah," Ladidi ta ce wa ma'aikaciyar jinyar da ke wurin. "Ɗaya ne fa!"

Ma'aikaciyar jinyar ta sunkuya ta shinshina. "Me kuka shafa mata?"

"Baƙin mai da ɗanyen ƙwai. Maƙwabta ne suka taimaka."

"Wannan ne taimako? Har inda wuta ba ta taɓa ba kun lafta mata! Duk abin da ya yi baƙi, ƙuna fitilar ke ɗaukarsa." Ta rage murya. "Awo biyu doka ta ba ku. Saura ɗaya."

Ladidi ta jiƙa gefen mayafinta don ta goge man kafin awo na biyu. Ta rasa inda mai ya ƙare, inda ƙuna ta fara.

"Goge, Yaya," Kubura ta ce da ƙyar. "Ba zan yi ihu ba."

Ladidi ta goga a damtsen Kubura. Baƙin ya fita, fatar ta biyo mayafin.