Kwamin Wankan Alhaji Maiwada

"Lado! Makanta ni za ka yi?"

Alhaji Maiwada ya fito daga kwamin wanka yana murza idanu, sun yi jawur kamar garwashi. Bara ya gina kwamin a gidansa na Maƙarfi, bayan ya ga irinsa a wurin Turawa a Zariya. Lado, baransa, shi ne mai zuba wa ruwan magani.

"Ranka ya daɗe, cokali uku ka ce, uku nake sawa."

"Ƙarya kake! Kwana huɗu ke nan ba na iya duban haske. Yau za ka tattara iyalinka ka koma ƙauyenku Gazara."

Alhaji ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya aika a kira Malam Uwaisu, malamin asibiti, ya kuma tara maƙwabta su zama shaida.

Malam Uwaisu ya duba gwangwanin kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan. Ya ɗebi ruwan ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Alhaji, awon Lado daidai ne. Maganin nan shi kaɗai ba ya cin ido haka, sai in ya gauraya da fitsari."

"Fitsari? A kwamina?" Alhaji ya daka tsawa. "Wane mara mutunci ne? Lado, faɗi sunansa a gaban jama'a, wallahi sai na kai shi gaban alƙali!"

Lado ya sunkuyar da kai.

"Faɗi mana!"

"Ranka ya daɗe, ai tun da aka gina shi ka hana kowa shiga. Makullin ƙofar ma ga shi nan a wuyanka."