Fostar Masta Gafaru

Ranar Asabar, takwas ga Yuni, 2024, da ƙarfe goma da kwata na safe, Habib mai shagon na'urorin wasa a unguwar Maamobi ta Accra ya rataya fosta a bakin titi. A sama an rubuta: "Haɗa na'urarka da intanet, sauke sabon wasa kowane mako, ka kara da duk Accra." A ƙasa ga jerin gwanayen wasan tseren mota na watan, da lokacin da kowa ya yi. Kowa da laƙabin da ya ƙirƙira, ban da na biyu a jerin: Gafaru Izzuddeen, da hotonsa, hula da tabarau.

Masta Gafaru ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi a unguwar Nima, bai taɓa barin rabin maki ya je inda bai dace ba. Shi ne kuma ya tsaya a taron unguwa ya kira wasan nan ɓarawon lokaci, har ya ƙwace na'urar surukinsa Rauf ya kulle ta a ɗakinsa.

Ranar Litinin ya gwada fita. Mai koko a bakin lungu ta ce, "Masta direba, yau ina motar?" A masallaci tsofaffin ɗalibansa suka gaishe shi da ladabi, yana juya baya suka shiga murza sitiyari a iska. Ya koma gida ya rufe ƙofa. Ko a nan bai tsira ba, don sau uku a rana lasifikar unguwa tana karanta tallan Habib da jerin sunayen, muryar tana shigowa ta taga.

'Yarsa Zuhura ta zauna tana shafa masa man zafi a babban yatsansa da ya kumbura.

"Baba, ka bari Rauf ya je ya yage ta."

"Yagewa ba gyara ba ce."

A kwana na goma sha biyu ya ɗauki jan biro ya rubuta takarda, ya sa farar riga, ya taka har shagon. Mutane suka biyo shi. Habib, wanda ya taɓa zama a ajinsa, ya miƙe tsaye.

"Masta, tuba nake. Zan faɗa wa kowa wani ne ya sa sunanka."

"Rufe baki, ka saurara."

Ya gyara tabarau ya karanta: "An yi mini ƙarya a bainar jama'a. Ban taɓa cika fom da sunan da ba nawa ba, don haka ba zan yarda a jingina wa sunana lissafin banza ba. Ina neman Habib ya hau lasifikar nan sau uku a rana, kwana goma sha biyu, ya nemi gafarata, ya faɗa wa Maamobi gaskiya: minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya na yi a tseren, ba goma sha bakwai ba. Ni ne na ɗaya."